Na narkar da lambar Baffa

Jama'a, yau yayan mahaifina ya kusa tsine min a kan igwa shida!

Kun san ina ƙera ƙananan jiragen ruwa na ado. Igwoyinsu kuwa kuza nake narkarwa in zuba a mazubin robar silikon. Da hantsi kuzar ta ƙare. Na zazzage wani gwangwanin tarkace da ke zaurenmu na Ƙofar Marke, na tsinci wani baƙin kwabo da zare jikinsa. Na tsinke zaren, na jefa kwabon a wuta. Igwoyi suka fito sumul!

Sai ga Baffa da gwangwanin a hannu.

"Ina lambata? Ranar 'yancin kai aka rataya min ita a makaranta!"

Na ce, "Baffa, abu mai daraja ake ajewa cikin ƙusoshi?"

Ya ce, "Ɗan banza, ni kaka tambaya?"

Ya kwashe igwoyin duka shida. Ya ɗaure ɗaya da zaren nan, ya rataya a wuya. Yanzu haka yana ƙofar gida, duk wanda ya gitta sai ya nuna masa ita, ya faɗi sunana!