Hannun Ƙarfe a Shagon Seidu

Mun tashi da asuba daga Zariya, ni da ɗana malamin jami'a da akwati ɗaya. Cikin akwatin wani hannun ƙarfe ne da ya yi shekara uku yana ƙerawa, zai nuna a taron masana mutum-mutumi a Ankara, babban birnin Gana. Aikinsa ɗaukar kofi. Na ce ni da aji huɗu na yi, tun ina goye nake wannan. An tafi da ni ne don a Nima, wata unguwa a birnin, aka haife ni.

Hanyar Legas zuwa Lome ramuka ne da ɗan titi a tsakani. Kowace iyaka sai an buɗe akwati an tambaya ko bindiga ce. A Aflao, bakin iyakar Gana, na ci dokunu, tuwon masarar can, da soyayyen kifi, yajin ya sa ni hawaye. Na dai ce yajin ne.

Ana gobe taro aka kunna hannu, ya ƙi motsi. Wani ɗan faifai mai haƙora ya karye a hanya. Farfesoshi suka ce sai an aiko daga Turai. Ɗana ya zauna ya yi tagumi.

Na san mutum ɗaya, Seidu, wanda muka koyi gyaran keken ɗinki tare. Shekarar da aka kori baƙi na bar garin ban sallame shi ba, ban kuma taɓa aiko da wasiƙa ba. Haka dai muka hau trotro, motar hayar can.

Nima ta cushe, bishiyar da muke dara ƙarƙashinta ta zama shagon kaset, amma ƙamshin waakye, shinkafa da waken can, na nan. A shagonsa Seidu ya dube ni ta saman tabarau, ya sa aka kawo ruwa. Al'adar can, sai baƙo ya sha ya ba da labarin hanyarsa kafin ya faɗi buƙata.

Ɗana ya fito da karyayyen faifan ya ce, "Baba, sauri muke, wannan ƙarfen..."

"Yaro, zauna. Ubanka zai faɗi hanya," in ji Seidu. Ya juyo gare ni da sunan tsokanar da yake kira na da shi muna yara. "Kai, ɓarawon awakin kafinta, fara daga ranar da ka gudu."

Na fara. Motar da ta kwashe mu, rasuwar inna a Ilori, aure, 'ya'ya. In na tsallake shekara sai ya ce, "Ei, koma baya." Ɗana na duban agogo, Seidu na ta goga wani abu da magagari. Da na kai yau, la'asar ta yi. Ya miƙo faifai, daga tsohon keken maigidanmu da ya koya mana aiki ya ciro shi.

"Yanzu ka iso," in ji shi.

Washegari hannu ya ɗauki kofi, Turawa suka tafa. Ni ma na tafa, don kada a ce hassada.

Mun dawo gida lafiya. Abin da na koyo shi ne ƙarfe kan gyaru a yini guda, amma sai an zauna. Jiya na sa jikata ta rubuta wa Seidu wasiƙa, shafi huɗu.