Matatar da na kai wa Kawu a Falgore

Ana sallame sallar asuba muka bar Kano, ni da yayana, da akwatin ƙanƙara a kan cinyata. Allurar haukan kare ce a ciki, wadda ake yi a bakin ciwo. Kwana biyu ke nan da kare ya ciji Kawunmu a ƙafa a Falgore ta Rogo, ya ce ko kusa ba za a yi masa ita ba. Shekarun baya an yi masa allurar dafin maciji, jikinsa ya kumbura, numfashi ya nemi gagararsa. Tsoro nake ji, amma har da ɗoki, domin aikina ke nan a ɗakin bincike: tace irin waɗannan magunguna na garkuwar jiki.

Damina ta yi kyau, masara ta fi mutum tsayi. A Ƙaraye muka karya da soyayyen kifin dam da gurasa, yayana yana ci yana mitar ramuka. Daga nan sai gonakin rake, da shanu masu tare hanya ba ko sannu.

Mun tarar da Kawu a zaure, ƙafa a naɗe da tsumma. Sai da muka gaisa har kan kaji, sannan na fito da matatar da na ɗauko a wurin aiki, faɗinta bai wuce murfin gwangwani ba. Na ce dattin da ke saura a cikin magani ne yakan sa jiki ya kumbura. A da sai maganin ya bi ta cikin doguwar kwalba cike da ƙananan ƙwayoyi, yana tsiyaya a hankali. Yanzu fallaye ne sirara a jere, ruwan ya ratsa cikin mintuna, a jefar da matatar a ɗauko sabuwa, dattin jiya ba ya haɗuwa da maganin yau.

Ya ɗaga ta sama yana kallo. "'Yar nan, kada ki yi mini boko. Rariyar da ruwa ke wucewa da gudu, ai dusa ma wucewa take."

Wallahi daɗi ya kama ni, don ɗalibai ma ba su taɓa yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Kawu, ba da ƙanƙantar huda take aiki ba. An shafa mata abin da ke kama datti, kamar yadda ƙarangiya ke kama bakin wando. Dattin ya maƙale, maganin ya wuce."

"Kin rantse ba zan kumbura ba?"

"Ba zan rantse ba. Amma tacewar yanzu ta fi ta da nesa, kuma ina zaune kusa da kai. Haukan kare kuwa in ya tashi, ba shi da magani."

Sai ya ce a miƙo masa takalminsa.

A asibitin Rogo aka yi masa. Awa biyu ina kallon fuskarsa, ko ƙaiƙayi bai ji ba, sai ma ya ce yunwa yake ji.

Mun iso gida kafin magariba da damin rake a bayan mota. Na gane cewa na daɗe ina tace magani ba tare da na taɓa ganin fuskar mai tsoronsa ba. Sauran alluran rigakafin da aka ce ya riƙa komawa asibiti a yi masa, Kawu da kansa yake hawa babur ya je.