Ƴar Farin da Ta Daina Magana

Ranar Litinin ce da hantsi, washegarin kasuwar Filinge, a ofishin kula da jin daɗin jama'a. Mu uku ne a zaune: shugabar ofishin, da abokin aikina daga jami'a a Yamai, masanin halayyar ɗan Adam, sai ni. A lokacin ina binciken digirina na uku a kan yaran da rikici ya raba da gidajensu. Abin da ya tara mu shi ne yanke shawara a kan wata yarinya mai kamar shekara shida: a bar ta wurin uwarta, ko a kai ta gidan renon yara a Yamai.

Iyayenta makiyaya ne daga arewacin Abala. Masu bindiga sun zo a kan babura sun kore shanu, uban bai dawo ba, uwar ta kamo hanya da ƴaƴa biyu har Filinge, inda wata tsohuwa Bakurfaya, wato ƴar ƙasar Kurfai, mai sayar da goro ta ba ta ɗaki. Tun isowarsu ba wanda ya ji muryar yarinyar. In babur ya wuce a titi, sai a same ta a bayan randa.

Abokin aikina ya yi aikinsa da kyau. Ya zauna da su sau da yawa yana bin ma'aunin da aka koya mana, wanda ke duba yadda uwa take kallon ɗanta, da taɓa shi, da kiran sunansa. Uwar nan ba ta yin ko ɗaya. Ƙaramin kullum yana bayanta, yarinyar kuwa ko ido ba ta haɗawa da ita.

Ya ce, "Firgici ya sa ta juya wa yarinyar baya. Gara a raba su."

Na ce, "Ƴar fari ce."

"Na sani, malama. Mu ma Zabarmawa muna da wannan kunyar. Amma yarinyar nan ba ta magana, kuma ba mai rungumarta. Al'ada ba za ta rungume ta ba."

A nan yana da gaskiya, ban musa ba. Na roƙi a ba ni lokaci. Shugabar ofishin ta ce, "Motarmu dai sai ƙarshen wata za ta tahi Yamai. In kin samo wata dabara kahin nan, bismilla."

Ni ma ƴar fari ce. Mahaifiyata, a Bonkuku, har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, "waccan" take cewa. Ban taɓa jin an ƙi ni ba, domin tun da aka yaye ni a ɗakin kakata na tashi. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, ita nake yi wa kuka. Saboda haka da na je gidan ban tambayi uwar me ya sa ba ta taɓa ƴarta ba. Na zauna tana dama fura, muka yi hirar tsadar nono, sannan na ce, "Ƙanwata, wa ya goya ta?"

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Innata."

"Ina take?"

"A hanya muka binne ta. Ƙafa ta yi mata yawa."

Wannan ba ya cikin rahoton kowa. Mun ƙirga uba da shanu a cikin abin da yarinyar ta rasa, ba mu ƙirga matar da ta rene ta ba, don ba mu tambaya ba.

Na yi ta zuwa gidan ina zama kawai. Na lura da abu biyu. In uwar ta dama fura, mai maiƙon take zubawa a ƙaramar ƙwarya ta ajiye a ƙasa, ta ce wa iska, "A ba waccan." In rana ta cim ma tabarmar yarinyar, sai ta tashi da tsintsiya kamar shara ce ta tashe ta, ta ja tabarmar da ƙafa zuwa inuwar darbejiya ta wuce.

Na sami tsohuwa mai gidan tana yayyafa wa goronta ruwa. Na gaya mata abin da nake so, ban ɓoye mata batun motar Yamai ba.

Ta ce, "Ke ɗiyata, riƙo ba a sace shi. Wa ya ba ni ita? In uwatta ba ta ba ni ba, mi zan ce ma mutane?"

Na koma wurin uwar. Na san ba za ta iya buɗe baki ta roƙa wa ƴar farinta komai ba, kuma ban nemi ta yi ba. Na dai faɗa mata abin da tsohuwa ta ce, da abin da ofis ke shirin yi. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Na tafi ban san ko na yi nasara ba.

Washegari da na shigo, na ga majanyi baƙi mai ratsin fari, ya tsufa, a kan igiyar tsohuwa. Ta ce da safe ta same shi a naɗe a bakin ƙofarta. Shi ne wanda marigayiya kakar take goya yarinyar da shi. Tsohuwa ta ce, "To, an ba ni."

Ba lallashi ta fara da shi ba, tsokana ce irin ta kaka da jika. Kullum sai na ji ta tana cewa, "Wa ya cinye mani goro? Wagga baƙuwar mai idanun saniya ce, na ga bakinta ja." Yarinyar ta duƙar da kai. Daga baya ta fara bin ta kasuwa riƙe da gefen zane. Ranar da na fi tunawa, tsohuwa tana yi mata kitso tana cewa, "Gashi kamar ciyawar rani. Ni da nake budurwa, kitsona har ƙugu." Yarinyar ta juyo ta dubi kan tsohuwa, ta ce a hankali, "Ke ba ki da gashi."

Tsohuwa ta ce, "Kun ji marar kunya," ta ci gaba da kitso. Uwar tana bakin murhu ta ba mu baya. Ta daɗe tana hura wutar da ta riga ta kama.

A zama na gaba na kawo abin da na gani. Abokin aikina ya je da kansa ya duba, ya dawo ya janye shawararsa, da sharaɗin zai ci gaba da ganin yarinyar, domin tsoron babur bai bar ta ba, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya ragu. Tare muka rubuta maƙalar farko da ta fito daga wannan aikin.

A kan wannan tambayar na gina digirina, da yawancin binciken da na yi bayansa a ƙasar Kurfai da Imanan: in iyali ya watse, wa yaro ya rasa a cikin masu riƙonsa, kuma wa zai iya tsayawa a gurbin. Na yi shekaru ina koyarwa, ɗalibaina suna aiki a ofisoshi da sansanonin ƴan gudun hijira. In na kai musu ziyara na ji ɗayansu ya zauna da wata uwa ya ce, "Wa ya goya shi?" kafin ya buɗe takarda, nakan ji daɗin da ba na ji a ranar ƙarin girma.

Motar ta tafi Yamai a ƙarshen watan ba da yarinyar ba. Ta shiga makaranta a Filinge a shekarar da ta biyo, tsohuwa ce ta raka ta. Uwarta har yau ba ta kiran sunanta.