Karen da Ake Kira Achandipedza

Sekesai Mandizvidza ta yi furfura tana yi wa karnukan yankin Chivi allurar rigakafin hauka. Ba likita ba ce, mataimakiya ce, amma ita ƙauyuka suka sani. A bakin ramin wankan shanu take kafa teburinta, kuma kafin ta taɓa kare sai ta ji sunansa. A nan, maganar da mace ba za ta iya faɗa wa miji ba, kare take raɗa wa ta zama sunansa, ta yi ta kira safe da yamma kowa na ji. Yawanci ƙorafin giya ne ko na dangin miji. Sekesai takan yi dariya ta soka allura.

Aikin ya koya mata abu guda: hannun da ya saba dukan dabba ba ya tsayawa a tsakar gida. Ta sha ganin mace ta kai ƙara, dangi su taru, ta janye. Kare kuwa ba ya janye ƙara.

Ranar da Gwatidzo, wani mai gyaran kekuna, ya jawo nasa da igiya, karen na numfashi rabi-rabi. Ta shafa haƙarƙarinsa, ya yi kuka.

"Jaki ne ya harbe shi," in ji Gwatidzo.

"Jakin naku takalmi yake sawa, Baba? Ya sunan karen?"

"Kare dai. Ke allura kika zo yi ko auren shi?"

Mutanen layi suka yi dariya. Matarsa, Maman Kuda, tana bayansa lulluɓe da bargo a wannan zafin, ta dafe gefen ƙirjinta.

"Achandipedza," ta ce a hankali.

Ma'anar sunan: zai gama da ni. Dariyar ta tsaya.

Sekesai ba ta da hujja sai haƙarƙarin kare, bargo da suna. Ko jakin gaskiya ne? Ta sake duban yadda matar ke jan numfashi, iri ɗaya da na karen.

"Zan tafi da shi asibitin gari, likita ya duba. In duka ne, 'yan sanda za su zo su ga jakin. Wanda ya raɗa masa suna shi zai riƙe shi a mota."

"Wace doka ce ta ce haka?"

"Sai ka biyo mu ka tambaya a can, Baba. Akwai wuri."

Bai motsa ba. Ya zuba wa matarsa ido.

"Yaya, na bar tukunya a wuta," in ji Maman Kuda.

"Ta ƙone, ƙanwata."

Matar ta sunkuya da ƙyar, ta zare igiyar daga hannun mijin. Da ta zauna a bayan motar, sai ta matso kusa da Sekesai.

"Ku bi ta makaranta. Kuda na can."