Sulallan Bangon Duilio

Evaristo Pardini mai gyaran agogo ne a birnin Lucca, amma ba agogo ya sa aka san shi ba. Shekara arba'in yana tara tsoffin sulallan azurfa, sirara kamar ɓawon albasa, baƙi ƙirin don tsufa. Ka miƙa masa ɗaya, ya juya shi sau biyu, ya gaya maka garin da aka buga shi da sarkin zamanin. Doka ɗaya gare shi: ba a wanke tsohon sule. Wannan baƙin da jahili ke kira dauɗa shi ne shaidar shekarunsa.

Wata Asabar ɗan ƙanwarsa Duilio, mai gidan abinci, ya shigo shagon bakinsa har kunne.

"Kawu, zo ka ga abin da magina suka tono a bangon kicin ɗina. Tsoffin sulalla, tukunya guda!"

Evaristo ko ƙofa bai tsaya kullewa ba.

Ya bi Duilio har kicin ɗin. Sulallan na zube a faranti mai maiƙo, suna ƙyalli kamar marfin kwalba. An jiƙa su a ruwan lemun tsami, an dirje da soson ƙarfe, an huda kowanne a tsakiya.

"Maƙalin makulli zan yi wa masu yawon buɗe ido," in ji Duilio. "Kai dai faɗa min sunan sarkin in rubuta a kati."

Tsohon ya ɗauki ɗaya. Daidai inda harafin sunan sarki yake, nan hudar ta bi.

"Shekara ɗari takwas ɓera bai taɓa su ba, yaƙi bai taɓa su ba, sai kai! Tir! Allah wadaran naka ya lalace."

"Haba Kawu, da fa baƙaƙe ne kamar gindin tukunya."

Evaristo ya ja tsaki, ya goge yatsunsa da hankici kamar ya taɓa mushe. Aka kawo masa taliya da nama, ya ture.

Washegari ya kai ƙara wurin masu kula da kayan tarihi, suka zo suka kwashe komai, suka ci Duilio tara. Ƙanwarsa, uwar Duilio, ta yi shekara biyu ba ta gaishe shi. Bai ba kowa haƙuri ba. Har ya mutu, in hanya ta biyo da shi ta ƙofar gidan abincin, tsallaka titi yake yi.