Wuyan Baba Mai Agogo

Duk wanda ya san Babanmu ya san shi da kai a karkace. Ba ciwo ba ne, sana'a ce. Tun kafin a haife mu yake gyaran agogo a wani ɗan shago tsakanin mai walda da mai katifa, kuma shi da kunne yake aiki. In ka miƙa masa agogo, ba zai buɗe ba sai ya kara shi a kunnen dama, ya kwantar da kai ya saurara. Yau da gobe, wuyan ya saba. Ko yaro ne ya zo masa da shirme, haka zai kwantar masa da kai, har yaron ya ji shi ma wani ne.

Ba mu taɓa ganin aibun wannan ba sai da Yaya, wadda aure ya kai wata ƙasa, ta kira ta ce watan haihuwarta ya kusa. Cikin fari ne, ga shi Mama ta rasu. Ta ce ita ba ta son tsaraba, Baba kawai take so ya zo. Muka zaro fasfonsa, ashe wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa.

Na ce ai abu mai sauƙi, ta intanet ake sabuntawa yanzu. Bakina ne ya ja mini. In cike komai tsaf, shafin ya goge ya ce in sake, har na haddace lambar fasfon Baba fiye da lambar wayata. Da ƙyar na kai wajen hoto. Na ɗaura farin zanin gado a bangon falo, na cire masa tabarau, na ɗauka. Aka ce akwai inuwa. Na gyara, aka ce bayan ya yamutse. Na goge zanin da dutsen guga. Daga nan kuma sai magana ɗaya da jan rubutu: kai bai miƙe ba.

Abin haushin shi ne, da na ce masa ya miƙe kai, sai ya kwantar da shi don ya ji me na ce. Kawu ya durƙusa a bayan kujera ya tallafo masa ƙeya, yatsunsa suka fito a hoton kamar Baba ya ƙara kunnuwa. Mai walda ya ce a kawo masa shi ya ƙera masa maƙali. Baba ya fi kowa dariya, ni kuwa raina ya gama ɓaci, don Yaya kullum sai ta tambaya, kuma na ji tsoro a muryarta.

Na hana kowa magana, amma kan bai daina zamewa dama ba. Sai na lura ashe ƙarar agogon bangon Mama yake bi. Shi ya ba ta shi suna amarci, kuma tun rasuwarta bai taɓa bari ya tsaya ba.

"Baba, don Allah, sau ɗaya dai ka daina sauraro," na ce.

Ya tashi ya buɗe murfin agogon, ya sa yatsa ya tare abin da ke lilo a ciki. Falon ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ya dawo ya zauna, kai a miƙe, ido a kaina. Na ɗauka. Nan take shafin ya karɓa.

Na nuna masa hoton, ya daɗe yana kallo.

"Wannan mutumin ba ya jin kowa," ya ce. "Amma in shi suke so, a ba su shi."

Ya tashi ya tayar da agogon kafin ya nemi tabaransa.

Fasfon ya fito a ƙurarren lokaci. Ranar tafiya ya damƙa mini makullin wana agogon, ya yi mini gargaɗi a kansa fiye da shagon gaba ɗaya.

Yaya ta sauka lafiya, yana can. Hoton da ta fara turo mini duk ya karya dokokin masu fasfo: ga inuwa, ga tabarau, ga labule mai furanni a baya. Baba ya kwantar da kai, kunnen dama a ƙirjin jaririyar. Na kira na tambaye shi me ya ji.

"Tana tafiya daidai," ya ce. "Kin wana agogon mamarku?"

Na ce na wana. Sai na kara wayar a jikin agogon don ya ji da kansa.