Gwaggo Bula da Akwatin Ƙirga Hayaƙi

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona na ɗinki da gidan Gwaggo Bula, kuma shekara ashirin da wani abu ke nan ruwan wankinta yana bi ta bakin ƙofata ba tare da sallama ba. Ba gwaggona ba ce, ba gwaggon kowa ba ce a layinmu, amma har waɗanda suka girme ta haka suke kiranta. Bula kuwa a hannunta ta samo shi. Tafin hannun nan ya sha shuɗin wanki har ya rine, ko ta yi wata ba ta taɓa ruwa ba, ba zai koma yadda Allah ya yi shi ba. Ba ta ma taɓa yin watan ba.

Fararen kaya kaɗai take wankewa. Mai launi ba ta karɓa, wai kowane malalaci yana iya ɓoye datti a cikin fure. Babban aikinta shi ne zannuwan gado na ƙaramin asibitin haihuwa da ke bayan tasha. Sau biyu a mako ake kawo su, ta wanke, ta hau matakala sha bakwai ta shanya a saman rufin siminti, ta goge, ta ninke kamar takardar kotu. Da zannuwan nan ta raini 'ya'ya huɗu bayan rasuwar maigidanta.

Tana da wani hali da ya kamata ku sani tun yanzu. Duk abin da ya shiga gidanta sai ya sa riga. Rediyo yana da riga, fanka tana da riga, dutsen guga yana da tasa, fulas yana da biyu. Ni nake ɗinkawa. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, saura kyanwa." Ta ce in gwada ta ranar da na ga ta zauna wuri ɗaya.

Shekaru biyu da suka wuce aka buɗe wurin narka tsofaffin ƙarafa a bayan layinmu, aka kafa wani gajeren bututun hayaƙi da bai fi rufin Gwaggo tsawo da komai ba. Idan suka kunna wuta, wani baƙin burbushi mai maiƙo yake sauka a hankali. Mu dai tari muke yi mu share hanci mu ci gaba. Amma jiƙaƙƙen farin zane ba ya iya yin shiru. Ɗigo-ɗigo yake fitowa, in ka murza ya ja layi.

Sau uku asibiti suna dawo mata da kaya. A na huɗu Sista, babbar ma'aikaciyar jinya ta wurin, ta zo da kanta.

"Gwaggo, kin san girmanki nake gani. Amma ba zan kwantar da jariri a kan wannan ba. In wata biyu suka cika abin bai gyaru ba, wajen masu inji za mu kai."

"Hannuna ne ya lalace, ko sama?" in ji Gwaggo.

"Ni dai zane nake dubawa."

Gwaggo ta je ƙofar masu narka ƙarfe sau biyar. Manajan wurin, wani mai sanyin murya da turare, kullum sai ya ba ta kujera ya ce, "Mama, hayaƙin girki ne na unguwarku." Ta ce masa ta shekara sittin tana ganin hayaƙin girki, bai taɓa yi mata warin tsohuwar mota ba.

Nan ne Auta ta shigo cikin maganar. Ita ce ƙaramar 'yar Gwaggo, wadda ta yi karatu mai nisa, tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda suke sarrafa haske. Ni da na bar makaranta a aji huɗu ban san haske yana buƙatar ma'aikata ba, na ɗauka da kansa yake zuwa. Ta zo da wani akwati bai fi tafin hannu biyu ba, da ɗan farantin sola a kansa, ta ɗaure shi a jikin ƙarfen igiyar shanya.

"Kawu Tela, ka taɓa ganin rana ta shigo ta hudar ƙofa, ka ga ƙananan abubuwa suna yawo a cikin hasken?"

"A shagona har rawa suke yi."

"To haka yake. Akwai 'yar fanka a ciki tana jawo iska, akwai siririn jan haske, leza ake ce masa, kamar zare. Duk burbushin da ya gifta zaren sai ya ƙyalla, wani ɗan ido ya ƙirga. Farantin nan kuma shi ke ba shi wuta daga rana. Lissafin yana zuwa wayata, ni kuma in kai ofishin kula da muhalli."

Na ce ashe dai ɗan sa ido aka kawo mana, wanda ba ya cin abinci. Auta ta ce wa uwarta abu ɗaya: ta riƙa goge farantin kowace safiya. Ta hau mota ta koma garin da take aiki.

Kwana biyu Gwaggo ta daure. Rana ta uku ta leƙo ta katanga.

"Tela, zo ka gwada abin yarinyar nan. Duk ya yi baƙi. Kayan gwamnati ne ko na makaranta, ba za a ce a hannuna ya lalace ba."

Na hau da tef a wuya. Na yi masa riga ta farin yadi mai kauri, na sa shafi, na zuba roba a baki ta kama shi tsam, ko sauro ba zai sami hanya ba. Farantin kaɗai na bari a buɗe, tunda an ce rana yake ci. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau. Har biyu na yi, don in ana wanke ɗaya a sa ɗaya.

Bayan mako huɗu aka kira taro a wani aji na makarantar firamare. Ga jami'in muhalli da fayil, ga Manaja, ga mutanen layi sun matse a bencin yara. Auta ta iso daga tasha kai tsaye, fuskarta ba daɗi, don ta riga ta ga lissafin a waya kuma ta kasa gane shi. Jami'i ya ɗaga takarda ya ce kwana biyun farko iska ta yi muni ƙwarai, amma daga rana ta uku zuwa yau, iskar rufin Gwaggo ta fi ta ofishinsa tsabta.

Manaja ya buɗe hannu. "Mama, kin ji. Na'urar 'yarki ce, ba tawa ba. Wataƙila sabulun ne. Ko kuma, kin san shekaru, ido yakan gaji."

Gwaggo ta miƙe a hankali saboda gwiwa.

"Ɗan nan, na wanke zanen da aka haifi rabin ajin nan a kai. Kai ban san a kan me aka haife ka ba. Akwati ya ce ba hayaƙi, to akwati ya yi ƙarya. Ni nake canza masa riga duk bayan kwana biyu, kuma baƙa ƙirin nake cire ta."

Auta ta juyo. "Inna, wace riga?"

Ni kuwa a lokacin na sami wani abin sha'awa a jikin allo ina kallo.

Duk taron aka ɗunguma zuwa gidan Gwaggo, aka hau matakala ɗaya bayan ɗaya. Ga akwati nan cikin rigarsa kamar ango. Auta ta dafe kai. Ta ce mako huɗu ke nan na'urar tana shaƙar iskar da yadi biyu suka tace mata. Ta zare rigar, ta juya wayarta ga jami'i. Bututu yana ta aikinsa a gabanmu. Kafin a yi minti biyu lambar ta tashi daga sha biyu ta haura ɗari biyu.

"Kawu Tela, har da shafi?"

"Ni ba na aikin ha'inci," na ce.

Mutane suka kwashe da dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Ta karɓi rigar ta juya ta: waje baƙi, ciki fari fat. Ta miƙa wa Manaja har kusa da hancinsa.

"Ga abin da akwati bai sha ba. Mu da ba a ɗinka wa hancinmu riga ba, ina namu ya tafi?"

Manaja ya ce lissafin minti biyu ba hujja ba ne. Jami'i ya yarda da shi, ya ce doka tana son mako huɗu cikakku, a sake daga farko. Ya rubuta, ya tafi. Wa'adin Sista kuwa saura mako uku da 'yan kwanaki.

Washegari Manaja ya zo da kansa, ya yi sallama da ladabi. Ya ce kamfani zai ba Mama injin busar da kaya, ta sa a ɗaki, ta huta da matakala, a bar maganar akwati. Ina jin su ta katanga, don keken ɗinkina yakan tsaya da kansa in ana magana mai amfani.

"Rana ce ke busar min da kaya tun kafin a yaye ka," in ji Gwaggo. "Ni ba zan shiga ɗaki in ɓuya ba. Ni na riga ku zuwa saman nan. Hayaƙinku za ku gyara. Ka gaida gida."

Auta ta saka mata lissafin a tata wayar kafin ta tafi. Gwaggo ba ta karatu, amma lamba ba ta ɓace mata. Cikin kwana huɗu ta gane lokutan da ake kunna wuta da lokutan da ake kashewa fiye da masu gadin wurin. In lamba ta sauka ƙasa da talatin, sai ta hau ta shanya. In ta fara hawa, sai a kwashe, ko da kayan na ɗiga. Wata rana sau uku ake hawa a sauka. Wa kuke tsammani yake ɗaukar kwandon?

"Tela, arba'in da biyar. Taso."

"Gwaggo, ina kan wuyan riga."

"Da kake kan wuyan akwati wa ya hana ka? Taso."

Haka muka yi mako uku. Gwiwarta ta kumbura, ta ɗaure ta da tsumma, fari shi ma. Na ce ta zauna ni in hau, ta ce ban iya shanya ba, ina rataye zane kamar wanda ya yi masa laifi.

Ranar da wa'adi ya cika ta ce in raka ta asibiti. Sista ta warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya a gaban taga, ta ɗaga wa haske, ta juya baya. Goma sha takwas. Ba ta sami ko ɗigo ba.

"Gwaggo, aiki naki ne. Ashe an gyara bututun."

"Ba a gyara komai ba. Ni nake wasan ɓuya da hayaƙi a kan matakala, da wannan gwiwar." Ta zaro wata takarda daga jaka, ƙorafin da Auta ta rubuta zuwa ofishin muhalli, mutanen layi duk sun sa hannu. "Tagar ɗakin jariranki tana kallon bututun nan. Zanensu na iya. Ƙirjinsu ba ya wankuwa. Sa hannu a nan, ki buga hatimi."

Sista ta ce sai ta tambayi likita. Gwaggo ta jawo kujera ta zauna, ta miƙe ƙafar da ke ciwo a tsakiyar hanya, inda duk mai wucewa sai ya kewaye.

"Tambayo shi. Ba ni da shanya sai lamba ta sauka."